Hanyar zama mai bincike kan tarin fuka da garkuwar jiki: jagora ga ɗaliban Damagaram

Idan aka ambaci aikin lafiya a gaban ɗalibi a Damagaram, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne likita, ko ungozoma, ko malamin asibiti, ko mai sayar da magani. Akwai kuma wani aikin da ba a cika nuna wa matasanmu ƙofarsa ba, wato aikin mai bincike, mutumin da yake neman amsar abin da likitoci da kansu ba su sani ba tukuna. Na rubuta wannan jagora domin wanda ya sami bak a fannin kimiyya, da ɗalibin Jami'ar André Salifou, da wanda ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP da ke Zinder yana aiki a labo, matuƙar yana da sha'awar sanin yadda jikin ɗan Adam yake yaƙi da tarin fuka da sauran cututtuka masu yaɗuwa. Abin da nake so a riƙe tun farko shi ne, manyan na'urorin wannan aiki suna wasu ƙasashe, amma marasa lafiya da tambayoyin da ba a amsa ba suna nan kusa da mu, saboda haka a gida ake fara wannan sana'a, sai daga baya a fita neman ƙwarewa.

Mataki na farko: fahimci tambayar da ake neman amsarta

A ranar 24 ga Maris 1882 ne Robert Koch ya bayyana a Berlin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, kuma tun shekarar 1921 ake amfani da rigakafin BCG wanda Albert Calmette da Camille Guérin suka haɗa a Faransa, shi ne wanda yake barin tabo a hannun jariranmu. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da ciwon, kimanin miliyan 1.25 kuma suka rasu. BCG yana kare ƙananan yara daga nau'o'in cutar masu tsanani, kamar wanda yake taɓa rufin ƙwaƙwalwa, amma kariyarsa ga huhun babba ba ta da tabbas, alhali babba mai tari shi ne yake yaɗa ta cikin gida da kasuwa da mota.

Ga inda ilimin garkuwar jiki yake shigowa. An ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai daga cikinsu suke kwanciya ciwo a tsawon rayuwarsu. Idan mutum ya shaƙi ƙwayar ta isa can cikin huhu, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofaj sukan haɗiye ta domin su narkar da ita, sai ita kuma ta toshe hanyar narkarwar ta zauna a cikinsu da ranta. Daga nan ƙwayoyin T, musamman masu alamar CD4, sukan iso su saki sinadarin intaferon-gama wanda yake ƙara wa makrofaj ƙarfi, sannan jiki ya tara ƙwayoyinsa ya kewaye wurin, abin da ake kira giranuloma. Wannan kewayen kamar ganuwar Birni yake, muddin yana tsaye abin da ke ciki ba ya fita, amma idan ya zube, huhu yakan yi rami, tari ya fara fitar da ƙwayar. Sida tana rage ƙwayoyin CD4, tamowa da ciwon suga da shan taba suna raunana garkuwa, ƙurar dutse da masu haƙar zinariya da masu fasa dutse suke shaƙa tana lalata makrofaj. Amma akwai mutane masu ƙoshin lafiya da suke kamuwa, akwai kuma waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da mai tari wata da watanni ba su kamu ba, kuma har yau kimiyya ba ta gama bayyana dalili ba.

Wanda zai shiga wannan fage ya kamata ya san cewa ana faɗuwa ana tashi a cikinsa. Rigakafin MVA85A da aka sa wa rai ya kasa kare jarirai a gwajin Afirka ta Kudu da aka wallafa a 2013. Wani kuma, M72/AS01E, ya nuna kariya kusan kashi 50 cikin 100 ga manya masu ɗauke da ƙwayar a sakamakon 2019, an kuwa fara babban gwajinsa na mataki na uku, wato wanda ake yi a kan mutane masu yawa kafin a amince da rigakafi, a 2024. Ko ya yi nasara, za a daɗe ana bukatar mutanen da za su auna yadda yake aiki a jikin ɗan Sahel mai fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci lokacin bazara.

Mataki na biyu: zaɓi ƙofar shiga

Ba likita kaɗai ke yin bincike ba, zaton cewa sai likita kuwa kuskure ne da yake sa ɗalibai masu hazaƙa su yanke ƙauna idan ba su sami gurbin karatun likitanci ba. Wanda ya bi tsangayar kimiyyar lafiya, a Zinder ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, yana da damar ganin marar lafiya da jagorantar gwajin magani, amma karatunsa yana da tsawo, kuma sai ya ƙara da masta a fannin bincike kafin ya iya aikin labo da kyau. Wanda ya bi kimiyyar halittu ko bayokimiya zai yi lisans shekara 3, masta shekara 2, sannan dokta shekara 3 ko fiye, kuma ita ce hanya mafi miƙewa zuwa ilimin garkuwar jiki. Ma'aikacin labo mai takardar fasaha yana da abin da waɗannan biyun ba su da shi, wato hannun da ya saba da aiki, kuma zai iya komawa makaranta ya hau matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Likitan dabbobi, da masanin lissafi, da masanin zamantakewa duk suna da gurbi, domin tarin fuka yana shiga ta madarar da ba a tafasa ba, ana ƙirga shi da alƙaluma, kuma tsangwama tana sa masu shi su ɓoye.

Mataki na uku: Turanci da lissafi

Karatunmu da Faransanci muke yi, amma kusan dukan sababbin sakamakon bincike da Turancin Ingilishi ake wallafa su, kuma da shi ake rubuta yawancin takardun neman tallafi. Kada ka jira sai ka sami gurbin masta kafin ka fara koyo. Ka riƙa shiga PubMed, shafin intanet da ake neman maƙalun binciken lafiya a cikinsa, ka ɗauko taƙaitaccen bayanin maƙala ɗaya a kan tarin fuka, ka karanta shi da ƙamus, ka rubuta da kalmominka abin da aka tambaya, da yadda aka auna, da abin da aka samu. Shafin Immunopaedia yana koyar da ilimin garkuwar jiki kyauta, Cibiyar Pasteur ta Paris tana da darussa a intanet, kuma ta shirin Research4Life cibiyoyin ilimi na Nijar suna iya samun mujallun da ake saya da tsada, sai ka tambayi mai kula da laburare ko makarantarku tana da rajista.

Lissafin ƙididdiga kuwa shi ne abin da na fi ganin ɗalibai suna gudu, shi ne kuma abin da ya fi saurin ba mutum aiki. Ka fara da Epi Info da KoboToolbox domin tattara bayanai, sannan ka koyi R, manhajar nazarin alƙaluma, wanda kyauta ne kuma yana aiki a kan kwamfuta mai sauƙin kuɗi ba tare da intanet ba. Matashin da ya iya tsabtace bayanai da zana jadawali mai gaskiya, kowace tawagar bincike tana maraba da shi.

Mataki na huɗu: sa hannu a aiki tun a gida

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda ba ya bukatar biza ko tallafi. Ka nemi sitaj a labon Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ko a wata cibiyar gano tarin fuka da ba da magani, ta hanyar takarda daga makarantarku. Idan ka shiga, ka gaida babban ma'aikacin labo da ladabi, ka ce masa: “Malam, na zo ne in koya a hannunku, duk aikin da kuka sa ni zan yi.” Waɗannan dattawan sun duba kaki dubbai, kuma abin da idonsu ya sani ba ya cikin littafi.

Ka koyi yadda ake karɓar kakin da ya fito daga ƙirji ba yawu ba, da yadda ake shafa shi a gilashi a rina shi da rinin Ziehl-Neelsen, har ka iya gane jajayen sandunan nan a ƙarƙashin mikroskop. Ka san iyakar wannan gwaji, domin sai ƙwayoyi sun kai dubu 5 zuwa dubu 10 a cikin mililita ɗaya kafin a gan su, don haka yakan rasa yara da masu sida da yawa. Ka koyi aiki da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, wadda cikin kamar awa biyu take gano ƙwayar ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar. Ka fahimci dalilin da ya sa shuka ƙwayar take ɗaukar makonni 3 zuwa 8 a kan abincinta na Löwenstein-Jensen, wato ita takan yi kusan awa 20 kafin ta rabu biyu, alhali wasu bakteriya cikin minti 20 suke yi. Wannan jinkirin nata shi ne yake sa dokta a wannan fanni ta fi bukatar haƙuri.

Sannan ka zauna da rajista. A cikinta ne za ka ga tsarin magani na wata 6, wata 2 ana shan isoniyazid da rifampisin da pirazinamid da etambutol, wata 4 kuma ana ci gaba da biyun farko. A cikinta ne za ka ga wanda ya warke, da wanda ya rasu, da wanda ya ɓace bayan wata na biyu saboda ya ji sauƙi ya tafi ci-rani Kano ko Agadas, ko kuma damina ta faɗi ya koma gona. Sunayen mutanen nan amana ne, ba a ɗaukar hotonsu a waya, ba a labarinsu a majalisa.

Kula da ranka ma wajibi ne. Kaki ana karɓarsa ne a fili inda iska take kaɗawa, ba cikin rufaffen ɗaki ba. Takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya tare ƙwayar, sai N95 ko FFP2 da ya zauna daidai a fuska. Shuka ƙwayar da gwajin bijirewarta ga magani ba a yin su sai a labo mai matakin tsaro na musamman, cikin akwatin da ke tace iska, kuma duk wanda ya ce ka buɗe kwalbar shuka a kan tebur, ka ƙi cikin ladabi.

Mataki na biyar: yi ƙaramin bincike na farko

Kundin kammala karatu shi ne damarka ta farko, kada ka ɓata ta a kan taken da aka kwafa daga kundin bara. Tambaya mai kyau ƙarama ce, ana iya amsa ta da abin da ke hannu. Mutum nawa ne cikin waɗanda aka gano a wata cibiya suka daina shan magani, kuma daga waɗanne garuruwa suke zuwa? Kwana nawa kaki yake yi a hanya daga ƙauyukan Tanut ko Gure kafin ya isa na'ura? Yara nawa ne cikin masu tamowa mai tsanani aka yi wa binciken tarin fuka? Wannan ta ƙarshe tana damuna ƙwarai, domin yaro ba ya iya fitar da kaki, gwajin fata na tubakulin kuma yakan nuna babu ga yaron da yunwa ta kwantar da garkuwarsa ko da yana ɗauke da cutar. Yanzu an yarda a gwada kashin yaro da GeneXpert, kuma sanin yadda wannan yake aiki a Magarya ko Matamai bincike ne mai amfani. A Indiya, gwajin RATIONS da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa ba iyalan mai ciwo ƙarin abinci ya rage sababbin kamuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, kuma yankin da ya san tamowa kamar namu ya cancanci ya sami nasa alƙaluman.

Akwai kuma tambayoyin da suka fi shafar Afirka ta Yamma. Wani dangin ƙwayar, Mycobacterium africanum, wanda aka fara bayyanawa a Dakar a 1968, kusan a wannan yanki kaɗai ake samunsa. Na shanu kuwa, Mycobacterium bovis, yana kama mutum ta ɗanyar madara, kuma a halittarsa ba ya jin pirazinamid, don haka ɗalibin da ya haɗa kai da likitan dabbobi a mahauta yana da fili mai faɗi.

Kafin ka tambayi mutum ɗaya ko ka ɗebi jini ɗigo ɗaya, sai an rubuta tsarin binciken, hukumar asibiti ta ba da izini, kuma kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya ya amince idan aikin ya kai haka. Ka yi darasin ɗa'a na TRREE, wanda kyauta ne kuma akwai shi da Faransanci, ka ajiye shaidarsa. Takardar neman yarda a fassara ta da Hausa, da Kanuri ko Fulatanci ko Tamashek inda ake bukata, a kuma bayyana wa mutum cewa ko ya ƙi shiga za a ba shi maganinsa.

Kada wani ya ce maka irin wannan aiki ƙarami ne. A Nijar ne shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka tare da ƙungiyar Action Damien suka gwada gajeren magani ga masu tarin da ya bijire wa magunguna tun daga 2008, aka wallafa a 2014 cewa kusan kashi 89 cikin 100 na marasa lafiya 65 sun warke, kuma irin wannan shaida tana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren tsarin a 2016. A Madarunfa kuma cibiyar Epicentre ta Maraɗi ta gwada rigakafin gudawar rota mai jure zafi, aka wallafa sakamakon a 2017.

Mataki na shida: fita neman ƙwarewa

Ilimin garkuwar jiki na zamani yana bukatar kayan da ba kowane gari ke da su ba. Jinin da za a ware fararen ƙwayoyinsa sai an sarrafa shi cikin ƴan awoyi, ruwan jini ana ajiye shi a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, ƙwayoyin kuma cikin ruwan naitirojin, sannan a ƙirga su da na'urar sitomita mai tsada. Tsakanin Zinder da Yamai akwai kusan kilomita 900, ga zafi, ga ɗaukewar wuta. Saboda haka fita dole ce, amma ba sai Turai ba. A Yamai akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES, wadda take cikin ƙawancen cibiyoyin Pasteur kuma ta yi suna a binciken sanƙarau. A Kwatano akwai labon tarin fuka da yake sa ido kan labobin ƙasashen yankin, a Bamako akwai cibiyar bincike ta UCRC, a Gambiya akwai cibiyar MRC da ta daɗe tana bin iyalan masu tari, a Gana akwai cibiyar WACCBIP, a Adis Ababa akwai Cibiyar Armauer Hansen. Afirka ta Kudu tana da cibiyoyin bincike na SATVI da AHRI, Beljiyam kuma tana da Cibiyar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Antwerp wadda ta san Nijar. Kusa da mu akwai Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, da cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta ta Zariya.

Zaɓen malami ya fi zaɓen ƙasa muhimmanci. Ka karanta maƙalunsa biyu ko uku, ka duba ko ɗalibansa suna gamawa, ko sunayensu suna fitowa a farkon maƙala. Wasiƙarka ta zama gajera, ta faɗi ko kai wane ne, da abin da hannunka ya iya, da tambayar da ka taho da ita daga Damagaram, da dalilin da ya sa labonsa ne ya dace da ita. Wasiƙar da aka aika wa mutum hamsin iri ɗaya ana gane ta tun layin farko. Game da kuɗi, ka bi sanarwar hukumar ba da tallafin karatu ta ANAB a gida, da ta ƙungiyoyin waje masu ba da tallafin karatu da bincike kamar TDR, da AUF, da DAAD ta Jamus, da EDCTP, da TWAS. Ƴan'uwana mata, ƙungiyar OWSD tana ba da tallafin dokta domin mata masu kimiyya daga ƙasashe irin namu, kuma ana matuƙar bukatarku, domin akwai gidajen da namiji ba zai shiga ya tambayi uwa game da tarin ɗanta ba. Fasfo, da fassarar takardun karatu, da wasiƙun shaida daga malamai biyu, a tanade su kafin sanarwa ta fito, domin wa'adin yakan yi gajere.

Mataki na bakwai: wallafawa da neman wurin zama

Binciken da ba a wallafa ba, ba ya amfanar kowa. Ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike da take haɗa maƙalunsa da sunansa, ka nemi shiga horon SORT IT wanda yake ɗaukar ma'aikacin lafiya daga tambaya har zuwa maƙala, kuma ka guji mujallun da suke alkawarin wallafawa cikin mako guda idan an biya, domin suna ɓata suna. Idan za a fitar da jini ko kaki zuwa wata ƙasa, a rubuta yarjejeniya tun kafin a fara, ta faɗi wanda ya mallaki samfurin, da abin da za a yi da shi, da jerin sunayen marubuta. Ɗan ƙasar da ya tara marasa lafiya ya kuma bi su wata shida yana da haƙƙin shiga nazarin sakamako da rubutu, ba godiya a ƙasan shafi kawai ba.

Game da abin rufin asiri, guraben dindindin kaɗan ne, yawancin aikin bincike kwantiragi ne na shekara 2 zuwa 5 da ya dogara da tallafi. Wanda ya shiga jami'a a matsayin malami mai bincike yana hawa matakai ta hanyar CAMES, majalisar ƙasashen Afirka mai tantance malaman jami'a, inda ake duba maƙalunsa da koyarwarsa. Wasu suna aiki a labon ƙasa, ko shirin yaƙi da tarin fuka, ko su zama masu kula da gwajin magani da bayanansa. Ƙwarewar kuma ba ta tsaya ga cuta ɗaya ba, domin wanda ya iya gwaje-gwajen labo na PCR da ELISA, waɗanda ake gano cututtuka da su, da ƙididdiga za a neme shi lokacin sanƙarau, kamar wanda ya ɓarke a jihar Damagaram a ƙarshen 2022, ko mashaƙo da ya addabi Matamai a 2023. Mai shirin dawowa gida bayan dokta ya fara neman ƙaramin tallafin kafa aiki tun shekararsa ta ƙarshe, ya sa firiza da batir da faranten sola a cikin kasafin, ya zaɓi gwaje-gwajen da za a iya yi a Zinder kamar ELISA, sauran kuma ya ajiye samfurin yadda ya kamata ya kai labon da ya horar da shi, tare da ɗalibi ɗaya ko biyu da za su bi samfurin su koyi aikin.